Sunan Aro A Gado Na Sha Huɗu

Harbi uku aka yi wa Deiner a kan gadar lambatu, ranar Lahadi da rana tsaka, yana sanye da farar rigar da ya goge da hannunsa don zuwa gaida uwar budurwarsa.

Yurani tana tsaye a ƙofar gidansu, ko sauke hannun da take ɗaga masa ba ta yi ba. Ta ga babur ya fito daga lungun mai burodi ɗauke da mutum biyu, kowanne da hular kwano. Na bayan ya miƙa hannu kamar mai tambayar hanya. Sai ƙara. Deiner ya dafe cikinsa ya juya, na biyu ya same shi a gadon baya, na uku ya fasa masa cinya. Ya zube a kan sumunti, takalminsa ɗaya ya faɗa cikin ruwan kwata.

Nan take unguwa ta yi abin da ta saba. Kiɗan da ke tashi daga gidaje biyar ya mutu lokaci guda, aka fizge yara, aka saki labule. Mutanen unguwar Aguablanca ba su da na biyu wajen iya makanta. A harbe mutum a gaban mutum ɗari, in 'yan sanda suka zo sai su tarar kowa yana banɗaki a lokacin.

Lambatun nan shi ya raba unguwar biyu, ba katanga ba alama. Namijin da ya haura shekara goma sha uku a wannan hayin ba ya taka wancan, na can ma ba ya taka nan. Deiner ɗan tsallake ne, mai gyaran fanka da firji, bai taɓa riƙe makamin da ya wuce sukudireba ba. Amma 'yan tsallake ne suka kashe Maicol, yayan Yurani, shekara uku da suka wuce, kuma tun ranar uwarsu Doña Leonila ba ta bambance mai bindiga da mai sukudireba. Shekara guda cur tana cewa a'a ga maganar aurensu. Da naci ya ishe ta sai ta ce cikin gatse, "Namijin da ke son 'yata ya zo ƙofata ya gaishe ni."

Ta faɗa ne don ta san ba zai zo ba. Sai ga shi ya zo. Ta bar shi tsaye ko kujera ba ta nuna masa ba, shi kuwa ya ɗaga kai ya ga fankar ɗakin da ta shekara tana kuka, ya hau tebur ya gyara ta, ya yi sallama ya fita.

Yurani ba ta san lokacin da ta isa gadar ba. Shekararta shida tana aikin jinya a ɗakin masu raunin harsashi, hannuwanta sun san aikin ko da hankalinta ya gudu. Ta zare bel ɗinsa ta ɗaure cinyar tamau, ta cire ɗankwalinta ta cusa a ramin cikin ta danne da gwiwa. Tasi biyu suka zo, kowane direba ya hango jini ya ƙara wuta.

"Mama, igiya," ta ƙwala. "Igiyar shanya, ki kawo min babur ɗina."

Doña Leonila ta tsaya a ƙofa kamar an dasa ta. Can ta juya ciki, ta turo babur ɗin har bakin gada, igiyar a kafaɗarta da sauran maƙalen shanya a jiki. Ita ta ɗaure Deiner a bayan 'yarta, ƙulli uku.

A nan birnin Cali doka ta hana goya namiji a babur, saboda irin waɗannan masu hular kwanon. Su dai masu hular ba a taɓa jin dokar ta tare su ba. Yurani ce ɗan sanda ya ɗaga wa hannu a shataletale, da ya ga jinin da ke bin tayar baya sai ya sauke hannunsa ya kau da kai.

"Kada ka yi barci, Deiner. Yi min magana."

Kansa yana kan kafaɗarta, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Fankar Mama," ya ce. "Lallaɓa ta na yi. Ki ce kada ta sa ta a lamba uku."

Ta fashe da kuka, ta ƙara murɗa mai.

* * *

Awa biyar aka yi ana tiyata. An yanke masa hanji kusan kamu ɗaya, aka fito da bakinsa ta gefen ciki aka manna jakar leda. Harsashin baya ya maƙale a jikin laka, likita ya ce cire shi ya fi barinsa haɗari, don haka aka bar masa kayansa. Ƙashin cinyar kuwa ya farfashe, sai ranar Juma'a za a sake shiga da shi a sa ƙarfe. Leda shida na jini ya sha kafin ya tsaya da rai.

Sista Gladis, shugabar ɗakin, ta ja Yurani gefe. Shekararta ashirin da biyu a wurin, kuma tun ranar da wani ya shigo dubiya da furanni ya ƙarasa majiyyaci a kan gadonsa, ta kafa doka: duk wanda harsashi ya kawo, sabon suna za a raɗa masa. Kalandar waliyyai ce a bangon ofishinta, daga nan take tsinto sunayen. Ta yi wa samari suna fiye da kowane limamin coci a garin.

"Daga yau sunansa Evaristo Lemos," ta ce. "Gado na sha huɗu. Daga ni sai ke sai likita. Ko uwarsa ba za ta ji ba, ki yi mata magana ta waya kawai, don mai son ƙarasa aiki uwa yake bi."

"Na sani, Sista."

"Kin sani a kan 'ya'yan wasu. A kan naki ne nake tsoro." Ta miƙa mata wata 'yar takarda mai ruwan ɗorawa. "Asabar da Lahadi sun shanye firjin jini, mutum goma sha tara aka kawo. Ba za a shiga da shi Juma'a ba sai an samu mutum biyu sun ba da nasu. Ga takardar, sunan aron ne a jiki, da lambar gado. Ki riƙe ta kamar ranki."

Ranar Litinin Yurani ta ba da leda ɗaya. Saura ɗaya. Ta bi abokan aikinta kaf, kowa ya nuna mata gwiwar hannu, babu wanda ya cika wata uku da ba da nasa. Ɗakin harsashi haka yake, ma'aikatansa ma jininsu yake sha.

Ranar Talata Deiner ya dawo hayyacinsa sosai. Tana canza masa jakar leda ya ce, "Yura, taɓa min ƙafa."

Ta taɓa.

"Ki taɓa mana."

"Na taɓa, Deiner."

Warin jakar ya cika tsakaninsu, ya juya fuskarsa bango, hawaye yana gangara cikin kunnensa.

"Ki tafi," ya ce. "Ki bar wa wata aikin nan. Ba na so ki riƙa ganina haka."

"Shekara shida ina ganin irin wannan."

"Ba a jikina ba. Ni da na ce zan yi rawa da ke har takalminki ya tsinke? Dubi abin da ya rage. Rabin mutum da jakar kashi. Mama ta yi gaskiya, ba ki da rabo a wurina."

"To sannu, mai rabon arziki. Ka tsallaka gadar da maza ke tsoro saboda ni, yanzu kuma ka ce in tsallake ka saboda leda? Ba da ƙafarka na yi alkawari ba." Ta manna masa sabuwar jakar. "Na goyo ka a bayana, jininka ya cika min takalmi. In za ka rabu da ni ka bari ka warke, ka faɗa min kana zaune, in samu inda zan mare ka."

Ya yi dariya, dariyar ta ja masa ɗinki, ya runtse ido. Da ya buɗe su babu sauran wasa a ciki. Ya ce ta matso da kunnenta.

"Ferney ne ya harbe ni."

Ferney Obando mai shagon kayan babur, aminin Maicol, wanda ya ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa. Duk mako yana gidansu yana cin abinci, yana kiran uwarta Mama, kuma shi Doña Leonila ta zaɓa mata tun ba yau ba. Kowa a unguwa ya san abin da ake sayarwa a bayan shagon nan, ban da tsohuwar da ke zuba masa miya.

"Ya ɗaga gilashin hular don in gan shi," in ji Deiner. "So yake in sani. Bai zaci zan tashi ba."

"Zan faɗa wa Mama yau."

Ya damƙe hannunta. "Kada ki kuskura. Mama ba ta iya ɓoye fushi ba. Ranar da ta kalle shi da wani ido ya gane, ita ma ta shiga layi. Ki rantse min."

Ta rantse. A Aguablanca shiru ne maganin tsawon rai, haka aka koya wa kowa tun yana goye. Ba wanda ya taɓa koya musu ranar da shirun ke kisa.

* * *

Laraba da yamma ta koma gida ta tarar da Ferney a kujerar Maicol, ya cire takalmi, faranti a cinyarsa.

"A'a, Sista da kanta," Ferney ya ce yana murmushi. "Sannu da ƙoƙari. Yaya mai jiki? Wasu sun ce ya cika, wasu sun ce yana nan. Na leƙa asibitin naku na ce Deiner Angulo, suka ce ba su da mai wannan suna. Wane ɗaki ne, mu je dubiya?"

"An wuce da shi wani gari."

"Allah sarki. Amma ke kullum kina can har da ranar hutunki. Son aiki ke nan." Ya suɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yana kallonta. "Duniyar nan ta lalace, Mama. Mutum ya zo gaisuwa a harbe shi."

"Kai dai bari, ɗan nan," in ji Doña Leonila. "Ƙara shinkafa."

Yurani ta shige ɗaki ta cije matashi don kada ihun da ke maƙogwaronta ya fito. Sai da ta ji tashin babur ɗinsa sannan ta fito.

"Ko gaisuwar kirki ba ki yi masa ba," uwar ta ce tana tattara kwanuka. "Yaron da ya tsaya mana ranar da kowa ya gudu. Yana da shago, yana da lafiya, ɗan unguwarmu ne. Me kike nema a duniya?"

"Deiner."

"Da ƙafafunsa biyu ma ban ba shi ke ba, balle yanzu. An ce ba zai ƙara takawa ba. Za ki ƙare ƙuruciyarki kina tura keke kina kwasar kashi, a gidan mutanen da suka kashe min ɗa? Sai dai bayan raina."

"Ke kika kira shi, Mama."

Kwanon hannun Doña Leonila ya tsaya.

"Ke kika ce ya zo ƙofarki. Na roƙe shi kada ya zo, ya ce ba a ƙin kiran uwa. Kin bar shi tsaye kamar mai tallan gawayi, bai ce komai ba. A kan gaisuwarki aka harbe shi."

"Kul. Kada ki ɗora min."

"Ban ɗora miki ba, roƙonki nake." Ta durƙusa ta kama ƙafafunta, kukan da take dannewa ya ƙwace. "Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Maicol da ransa aka kai shi. Awa biyu yana kwance a baranda yana kiran sunanki. Likita yana nan, ɗakin tiyata yana nan, jini ne babu. Ina tsaye a kansa ina riƙe da hannunsa har ya yi sanyi. Na ce miki nan take ya cika don kada ki ji ciwo. Mama, leda ɗaya ta rage wa Deiner. In ba a samu ba kafin Juma'a cinyar za ta ruɓe, ta tafi da shi. Kada ki sa in sake tsayawa a barandar nan."

A saman kansu fanka tana juyawa, ko ƙis ba ta yi.

Doña Leonila ta daɗe tana kallon fankar. Ta share fuska da bakin zaninta, ta miƙa hannu.

"Kawo takardar. Ba wai na yarda ba ne, kada ki yi saurin washe baki. Ba na so a ce ɗan wata ya mutu a kan gaisuwata."

Yurani ta ciro takardar daga cikin rigarta. "Sunan da ke jiki ba nasa ba ne, na ɓoye shi ne. Kada kowa ya gani, Mama. Kowa."

"Ni yarinya ce? Je ki duba min ko akwai sauran agade, in dafa masa romon sancocho. Abincin asibitin nan naku ko kare sai ya yi tunani."

* * *

Alhamis, ƙarfe biyu saura kaɗan, Yurani tana ƙasa tana karɓo magunguna sai ga Sista Gladis da tarin takardu a hannu.

"Albishirinki. Evaristo ya samu jini, gobe za a shiga da shi. Ga ta nan an buga hatimi."

Yurani ta karɓi takardar tana dariya. Ta nemi sunan uwarta a layin mai ba da jini. Abin da ta gani an rubuta da biro shuɗi shi ne: Ferney Obando.

Duk wanda ya ba da jini ana ba shi katin shiga dubiya. Daidai lokacin aka kaɗa ƙararrawar masu ziyara.

Tiren magunguna ya tarwatse a ƙasa. Hawa uku ne zuwa ɗakin maza, ba ta san yadda ta haye su ba, tana ture mata masu kwanuka da tsofaffi masu sanda, Sista Gladis tana bin ta tana kiran mai gadi.

Gado ashirin ne a ɗakin, kowanne da masu dubiya. Can ciki, a gindin gado na sha huɗu, uwarta ce tsaye cikin rigarta ta zuwa coci. Kusa da ita Ferney ne, auduga manne a gwiwar hannunsa, yana rungume da tukunya da aka ɗaure cikin tsumma. Masu gadi sukan buɗe jakar kowa, amma ba a taɓa ganin wanda ya kwance wa tsohuwa ƙullin tukunya ba.

Deiner yana kwance, idonsa a kan Ferney, leɓɓansa sun yi fari.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Doña Leonila. "Kin ga abin haushi? Wai jinina ya hau, ba za su ɗiba ba. Allah ya yi wa yaron nan albarka, shi ya kawo ni, da ya ga ina kuka ya ce in ba shi takardar. Ki ga zuciya, mutumin da kika ƙi."

"Mama, matso nan wurina."

"Kada ki harare ni, na san abin da kika ce. Ai Ferney ba kowa ba ne, ɗan gida ne."

Ferney ya ajiye tukunyar a kan 'yar durowar gefen gado, ya fara kwance ƙullin a hankali.

"Evaristo, ko?" ya ce. "Sunan ya yi maka kyau. Shi za a rubuta a kabarin, ko na gaskiyar?"

"Wane irin wasa ne wannan, ɗan nan?" in ji tsohuwar.

"Mama," Deiner ya ce, karo na farko da ya kira ta haka a gabanta. "Ki matsa daga nan, don Allah. Shi ne a kan gada."

Ta dubi na kwance, ta dubi na tsaye. Yurani tana gudu tsakanin gadaje, ta ga lokacin da fuskar uwarta ta gane. Shekara uku na shinkafa da miya, da kujerar Maicol, duk suka wuce ta idonta lokaci guda.

Hannun Ferney ya fito daga ƙarƙashin tsumman da bindiga.

"Jinina ba zai kwana a jikin ɗan tsallake ba," ya ce.

Matar da ke shafa man zafi a gwiwa kowace safiya, wadda ba ta hawa matakala sai ta huta sau biyu, ita ce ta yi tsalle. Ta faɗa a kan Deiner da dukkan nauyinta, ta rufe masa kai da ƙirji.

Harbi biyu. A cikin ɗaki ƙarar bindiga daban take, sai da gilashin taga ya amsa. Jikin Doña Leonila ya zabura sau biyu, rigar cocin ta huje a ƙasan kafaɗa da kuma a ƙugu.

Yurani ta iso. Ba ta nemi makami ba, tukunyar ce a gabanta. Ta sure ta da hannu biyu ta watsa masa sancocho mai tururi a fuska. Ferney ya kurma ihu ya dafe idanunsa, harbi na uku ya tafi sama, fitila ta tarwatse a kan mutane. Ta bi shi da gindin tukunyar a baki, ta ji haƙora sun ba da ƙara.

Daga nan ɗakin ya tashi. Samarin da ke gadajen nan rabinsu 'yan wannan hayin ne rabi 'yan tsallake, wasunsu ma su suka kwantar da juna. Amma doka ɗaya suke da ita, ba a taɓa wanda ke kan gado. Wani mai keken guragu ya taho a guje ya daki Ferney a ƙwauri ya kai shi ƙasa. Mai karyayyen hannu ya sauke masa filastarsa a ƙeya. Sista Gladis ta fizgo ƙarfen rataye ruwa ta maka masa a wuyan hannu, ƙashin ya ce ƙas, bindigar ta sulale ƙarƙashin gado. Suka rufe shi da sanduna da fo da duk abin da hannu ya samu, jininsa ya gauraya da romo da yankan agade a kan tayil. Sai da komai ya lafa mai gadi ya shigo da kulkinsa, kamar kullum.

Yurani ba ta ga ko ɗaya ba. Tana kan gado na sha huɗu, ta cusa yatsunta a ramin da ke bayan uwarta, jini yana bulbulowa ta tsakaninsu mai ɗumi da kumfa. Ta san ma'anar kumfar nan, huhu ne. Deiner ya zagaye tsohuwar da hannuwansa ya danne raunin ƙugun da tafinsa, farin zanin gadon ya rine.

"Mama, ki yafe min," Yurani take faɗa. "Na sani tun Talata, ban faɗa miki ba. Ni ce. Ni na ja miki."

"Rufe min baki." Muryar tana fita da gurnani. Ta ɗan ɗaga kai daga ƙirjin Deiner. "Ya same ka?"

"A'a, Mama."

"Na yi maka nauyi, ko?"

"Daga nan zuwa ƙasa ba na jin komai. Ki kwanta abinki."

Ta so ta yi dariya, jini ya biyo ta gefen bakinta.

Aka ɗora ta a gadon turawa aka kwasa da gudu. Likita yana gaba yana ba da umarni a ɗauko ledar da Yurani ta bayar ranar Litinin, tiyatar Evaristo ta jira. Sista Gladis tana gefe da katin karɓar majiyyaci, hularta ta karkace.

"Doka doka ce," ta ce tana haki. "Yaran Ferney suna waje, ba za ta shiga da sunanta ba. Kalandar tana sama. Yurani, ba ni suna, kowane iri."

Kan Yurani babu komai a ciki. Shekara shida tana kiran mutane da sunayen aro, yau ko ɗaya ya ƙi zuwa.

Doña Leonila ta ɗaga hannu ta janye robar iskar da aka rufe mata hanci da ita.

"Yaron nan," ta ce. "Me kuka sa masa?"

"Evaristo, Mama. Evaristo Lemos. Ki daina magana."

"To ku rubuta Lemos."

Biron ya faɗi daga hannun Sista Gladis. Yurani ta tsince shi, ta karɓi katin, ta ɗora a kan ƙarfen gadon suna tafe, ta rubuta. Yatsunta suka bar shaidar jini a kan takardar.

"Saura layin dangi," in ji Sista a hankali.

"'Ya ɗaya," Yurani ta ce, ta fara rubutawa.

Hannun uwarta ya kamo bakin rigarta. Idanun sun fara lumshewa, amma harara tana nan daram a cikinsu, irin wadda take yi mata in ta manta gishiri.

"Ba ki iya ƙirga ba ne? Biyu." Ta ja numfashi da ƙyar. "Ɗayan yana sama. Ki ce masa... na sa fankar a lamba uku, ba abin da ta yi."

Ƙofar ɗakin tiyata ta buɗe ta haɗiye gadon, ta rufe. Jar fitila ta kama a samanta.

Yurani ta tsaya a barandar da ta roƙi kada a sake tsayar da ita. Ta jingina katin da bango, ta goge hawayen da ya hana ta ganin layin, ta soke abin da ta fara rubutawa. A ƙarƙashin sunan Lemos ta rubuta: 'ya'ya biyu, mace tana bakin ƙofa, namiji yana gado na sha huɗu.